Zanen Watan Gobe: Nasiha ga Masu Aiken Excel da Umarni

Ƙannena maza da mata, akwai wani aiki da ofisoshi da yawa ke ajiye wa sabon shiga. Ko ɗan bautar ƙasa ne ko ɗalibin da ya zo sanin makamar aiki, da zarar an ga hannunsa ya faɗa da kwamfuta, sai a miƙa masa rahoton ƙarshen wata. Alƙaluman suna can cikin rumbun bayanai, a Access ko a wata tsohuwar manhaja da aka gina da FoxPro tun shi yana firamare. Oga kuwa ba mai zaman karanta jerin lambobi ba ne, zane yake so: sanduna, layuka, take a sama, launi mai ɗaukar ido. Sai yaro ya kwaso alƙaluma ya zuba a Excel, ya fitar da zane, ya gyara take, ya sauya launi, ya mayar da mabuɗin launuka ƙasa. In zane ɗaya ne, da sauƙi. Amma a ce rahoton na jihar Kano ne, kuma ana son zane ga kowace ƙaramar hukuma. Zane 44 ke nan duk wata, kowanne da nasa gyare-gyaren. Ba a kai ko'ina ba mai hankali zai fara tambayar kansa, shin babu yadda na'ura za ta ɗauke masa wannan wahala?

Akwai, kuma hanyar ta girmi yawancinku. Excel ya fito a 1985, Access a 1992, a shekarar ce kuma Microsoft ya haɗiye kamfanin da ke yin FoxPro. A 1993 aka sa wa Excel harshen umarni na VBA, daga baya Access ma ya koma kansa. Tun lokacin manhaja ɗaya ke iya kiran wata ta ba ta aiki. Daga cikin Access ko Visual FoxPro, layi ɗaya na CreateObject da sunan Excel.Application ya isa ya tashi Excel a bayan fage. Daga nan sai ka bi gidan daki-daki: littafin aiki, shafin da ke cikinsa, zanen da ke kan shafin, jerin alƙaluman da ke cikin zanen, layin tsaye da na kwance. Duk abin da hannu ke taɓawa da linzami yana da suna, kuma duk mai suna ana iya ba shi umarni. Ga mai aiki daga Access ma, Excel na da CopyFromRecordset, wanda ke juye sakamakon tambayar da ka yi wa rumbu cikin shafi a tashi ɗaya.

Koyon wannan ba ya ɗaukar dogon lokaci, kuma ba a kansa nasihata take ba. Abin da nake so ya zauna a zukatanku shi ne: wanda ke gyara zane da hannu yana kallon alƙaluman da ke gabansa, ya yanke hukunci a kansu. Wanda ke rubuta umarni kuwa yana yanke hukunci ne a kan alƙaluman da ba su zo ba tukuna. Zanen watan gobe yake yi, da na baɗi, a kan kwamfutar da wataƙila ba tasa ba, ranar da shi ya gama bautar ƙasa ya koma garinsu. Kusan duk wata ɓarna da ke aukuwa a wannan sana'a, tushenta mutum ya rubuta umarni yana kallon rahoton wata ɗaya kawai.

Saboda haka kada ka fara da rubutu. Ka yi zane ɗaya da hannu, ka buga shi a takarda da irin injin da ofishin ke da shi, ka kai wa wanda zai karanta. Ka tambaye shi: "Ranka ya daɗe, wace tambaya ake so wannan zane ya amsa?" In so ake a ga yadda abu ke hawa da sauka daga wata zuwa wata, layi ya fi. In gwada wuri da wuri ake yi, sanduna. Wani ɗan Sikotilan mai suna William Playfair ne ya yaɗa waɗannan biyun a littafinsa na 1786, ya ƙaro zanen da'ira mai yanka-yanka a 1801, kuma har yau ba a sami abin da ya ture biyun farko ba. Na ukun, a ganina, ku yi masa rowa. Da zarar yanka ya wuce biyar ko shida, ido ba ya iya bambance babba da ƙarami. Zane mai tudu kamar akwati, mai inuwa da sheƙi, shi kam ku bar shi inda kuka gan shi. Batun buga takarda da na ambata ba wasa ba ne: rahoto da yawa a wurinmu ta injin hoto baƙi da fari yake bi kafin ya isa teburin taro, kuma a can ja da kore duk toka-toka suke komawa. Akwai kuma mutane, galibi maza, da idonsu ba ya raba ja da kore ko a kan allo. Wanda ya sarrafa mummunan zane da umarni ya sami hanyar haifar munana 44 cikin minti ɗaya.

Bayan an amince da zanen, sai a nemi sunayen abubuwa. A nan mai naɗar makro na Excel babban malami ne. Ka kunna shi, ka yi gyaran da hannu, ka kashe, ka danna Alt da F11 ka karanta abin da ya rubuta. Zai nuna maka cewa take ChartTitle ne, jerin alƙaluma SeriesCollection, layukan gefe Axes. Amma ka ɗauki sunayen ka bar masa salon. Shi motsin hannunka yake rubutawa: zaɓi wannan, sannan yi wa abin da aka zaɓa kaza. Shi ya sa rubutunsa ke cike da Select da Selection da ActiveChart. Umarnin da ya dogara da abin da aka zaɓa yana tafiya daidai ne muddin babu wanda ya taɓa linzami, kuma zanen da ake nufi shi ne a gaba. Kai ka kama zanen da kansa ka sa shi a suna, ka riƙa yi masa magana da wannan sunan har ka gama. Ka kuma san da wane Excel ka yi naɗin. Na 2007 ya yi ƙaurin suna wajen ƙin naɗar gyare-gyaren zane da dama. Na 2013 zuwa sama kuwa yana rubuta AddChart2, wanda na 2010 bai san shi ba, ga shi kuma har yanzu akwai ofisoshin da ke kan tsohon.

Tuntuɓe na gaba kusan kowa sai ya yi shi. Ka kwafo rubutun naɗi ka kai Access ko FoxPro, sai ya ƙi. Dalili shi ne kalmomi irin su xlLine da xlColumnClustered laƙabi ne da Excel ya sa wa lambobi don sauƙin tunawa, kuma a gidansa kaɗai aka san su. Na farkon 4 ne, na biyun 51, zanen da'ira 5, layin kwance 1, layin tsaye 2, mayar da mabuɗin launuka ƙasa kuwa -4107. FoxPro zai tsaya ya ce bai san kalmar ba, wannan ma rahama ce. Access ya fi haɗari: in ba ka haɗa shi da ma'ajiyar sunayen Excel ba, kuma ba ka rubuta Option Explicit a saman shafin umarninka ba, sai ya ɗauki kalmar a matsayin sabon gurbi da babu komai ciki, ya miƙa wa Excel fanko. Wani lokaci a yi maka ƙorafi, wani lokaci a wuce shiru. Lambobin ba ɓoyayyu ba ne, danna F2 a wurin rubuta VBA zai jero maka su. Amma kada ka watsa 51 da 4 tsirara cikin rubutunka. Ka tara su a sama, kowace da sunanta, don wanda zai gaje ka ya san me 51 ke nufi. Masu FoxPro su ƙara da sanin cewa harshensu ba ya karɓar salon VBA na kiran kowane bayani da sunansa, dole a jero su bisa tsarin da Excel ke jira. Launi ma yana da tasa gargada: Excel yana ajiye shi a lamba ɗaya, ja tsantsa 255, shuɗi tsantsa 16711680, wato a juye da tsarin da masu shafukan intanet suka saba. Wanda ya kwafo lambar launi daga can ya liƙa kai tsaye zai nemi ja ya ga shuɗi. Ka yi amfani da RGB, yana nan a harsunan biyu.

Waɗannan duk ƙananan ciwo ne, domin suna nuna kansu. Masu kisa su ne waɗanda zane ke fitowa tsaf, a ƙayace, alhali ƙarya yake yi.

Na farkonsu iyakar alƙaluma. Mai naɗi zai rubuta cewa zane ya ɗauki bayanai daga gurbi na 2 zuwa na 13, domin abin da ke nan ke nan ranar da ka yi naɗin. Wata mai zuwa an buɗe sababbin asibitoci biyu, layuka sun zama 14, zane bai sani ba, ya bar biyu a waje, kuma babu wata alama da za ta nuna an bar su. Telan da ya ɗinka wa yaro kayan Sallar bana da awon bara, ɗinkinsa na iya yin kyau, riga dai ba za ta shiga ba. Bambancin kawai, a nan babu yaron da zai yi kuka a ji. Kada ku ɗauka wannan kuskuren 'yan koyo ne. A 2010 wasu manyan masana tattalin arziki biyu a Amurka, Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff, sun wallafa binciken da ya danganta bashin ƙasa da ya haura kashi 90 cikin 100 na abin da take samarwa da raguwar bunƙasarta, 'yan siyasa suka yi ta kafa hujja da shi wajen tsuke bakin aljihu. A 2013 wani ɗalibi, Thomas Herndon, ya karɓi shafin Excel ɗinsu, ya tarar lissafin matsakaici ya tsaya kafin ƙarshen jeri, ƙasashe biyar cikin ashirin sun faɗi waje. Ba shi kaɗai ne abin da aka soka a binciken ba, amma shi duniya ta riƙe. A Ingila kuma, a watan Oktoban 2020, an gano mutum 15,841 da suka kamu da korona ba su shiga ƙididdigar yau da kullum a kan lokaci ba, saboda tsarin da ke tattaro sakamakon gwaji da kansa yana zubawa ne a tsohon nau'in fayil na XLS, wanda ba ya wuce layi 65,536. Sabon nau'in yana ɗaukar 1,048,576. Maganin bai da tsada: ka sa umarninka ya ƙirga layukan da rumbu ya bayar, ya gina iyakar zane daga wannan ƙirgar, sannan ya gwada adadin da ya fito daga rumbu da wanda ya sauka a shafi. In sun saɓa, ya tsaya ya yi ihu.

Na biyu ya fi dabara, kuma a nan nake so ku daɗe. In ka bar Excel ya zaɓi ma'aunin layin tsaye da kansa, yana da ƙa'idar da yake bi: idan tazarar da ke tsakanin babbar lamba da ƙaramar ba ta kai wajen kashi ɗaya cikin shida na babbar ba, ba zai fara daga sifili ba. Ɗauki gari biyu, ɗaya an yi wa yara 920 rigakafi, ɗaya 960. Excel na iya fara awo daga 900. Sandar farko ta tashi 20, ta biyu 60, mai kallo ya ga garin na biyu ya ninka na farko sau uku, alhali bambancin bai kai kashi biyar cikin ɗari ba. A taro, wani jami'i zai sha faɗa a kan wannan. Mai aiki da hannu zai iya lura ya gyara. Umarni ba ya lura, kuma abin takaicin, watan da ka yi gwaji alƙaluman na iya zama masu nisa da juna, zane ya fara daga sifili, ka tafi hankali kwance. Don haka ga zanen sanduna ka rubuta a fili cewa MinimumScale sifili ne. Layi kam yana iya farawa daga sama in akwai dalili, muddin mai karatu zai gani.

Sai dai kada murnar wannan ta sa ka kafe saman ma'aunin da lamba ɗaya har abada. Ka sa 1,000 yau, ranar da wani gari ya kai 1,400 sai a datse kan sandarsa, ta yi daidai da ta mai 1,000. In kuma ka sake wa kowane zane ya zaɓi nasa, ƙaramar hukumar da ke da ɗari biyu da mai dubu biyar za su fito da sanduna masu tsawo ɗaya a shafuka maƙwabta. Abin da ya dace shi ne umarnin ya fara tambayar rumbu babbar lambar da ke cikin duka 44 a wannan watan, ya ɗan ɗaga ta zuwa cikakkiyar lamba, ya ɗora wa kowa. Ko hakan ma hukunci ne, ba wahayi ba. Wani rahoton burinsa a ga hawa da saukar kowane gari a karan kansa, can ma'auni ɗaya zai danne ƙananan garuruwa su zama kamar ba sa motsi. Ka tambayi mai rahoton wanne yake so, ka rubuta amsarsa a gefen umarnin.

Akwai kuma bambancin babu da sifili. Asibitin da ya aiko rahoto ya ce ba a sami ko mutum ɗaya mai ƙyanda ba daban yake da wanda bai aiko rahoton ba sam. Rumbun bayanai ya san wannan bambanci, yana barin gurbin na biyun fanko. Mu ne ke ɓata shi, domin fanko na damun lissafi, sai mu kira Nz a Access ko NVL a FoxPro mu mayar da shi sifili. Layin zane ya nutse ƙasa, a yi ta murna cuta ta gushe a garin da ma'aikacinsa kawai bai sami mota ba. Ka bar fanko a fankonsa, ka gaya wa zane ta DisplayBlanksAs ya bar giɓi a wurin. Giɓin zai sa a yi tambaya, kuma tambayar ce ake bukata.

Masu amfani da tambayar Access mai jera rukunoni a kwance su kula da abu biyu. In wani rukuni bai da alƙalami a wannan watan, ginshiƙinsa ɓacewa yake yi ɗungurungum, na bayansa su matso. Umarnin da ya ce jeri na biyu ja ne zai shafa wa wani abu dabam ja, launin zazzaɓin cizon sauro a watan jiya ya zama na gudawa a wannan watan. Sannan in watanni rubutu ne, bisa haruffa za a jera su: Afrilu, Agusta, Disamba, Fabrairu, Janairu. Duka biyun maganinsu ɗaya, ka lissafa kanun ginshiƙan da kanka a cikin tambayar, ka kuma ɗaura launi a kan sunan jeri, ba matsayinsa ba.

Yanzu batun kwamfutar da ba taka ba. Umarnin da ya yi aiki a Katsina na iya faɗuwa a Maraɗi, domin Excel na Faransanci yana kiran shafin farko Feuil1, kai kuwa ka rubuta Sheet1. Ka raɗa wa shafinka suna da kanka tun farko. Kwanan wata ya fi wannan sharri. A cikin tambayar SQL ta Access, 03/04 huɗu ga Maris ne, irin na Amurka, ko da kai uku ga Afrilu kake nufi. Daga 13 ga wata zuwa sama yana gane nufinka, tunda babu wata na 13, don haka kuskuren na kwana goma sha biyun farko ne kawai, shi ya sa yake daɗewa ba a kama shi ba. Ka riƙa rubuta shekara, wata, rana. Haruffanmu masu lanƙwasa ma wurin rubuta VBA ba ya riƙe su, haka alamar naira, sai su koma alamar tambaya. Ana shigar da su da ChrW: ƙ 409, ɗ 599, ɓ 595, naira 8358. Abin da ya fi wannan tsafta shi ne a ajiye taken zane a teburin Access ko a gurbin Excel, inda haruffan ke zama lafiya, umarni ya ɗauko daga can.

In ka ga umarninka ya yi aiki karon farko, karo na biyu ya faɗi da kuskure mai lamba 462 ko 1004, buɗe Task Manager. Za ka tarar da Excel zaune a ɓoye bai fita ba. Wani wuri ka rubuta Range ko ActiveChart kai tsaye ba tare da ka bi ta sunan Excel ɗin da ka tasa ba, ko ka manta da Quit. Lokacin gwaji ka bar Visible a kunne don ka ga abin da ke gudana.

Bayan duk wannan, shawarar da na fi ba wa ƙarfi za ta ba wasunku mamaki: ku rage rubutu. Matashi na jin daɗin ganin layi ɗari uku da ke gina zane daga tushe, kowane kauri da kowane launi da umarninsa. Ranar da oga ya ce a ƙara girman rubutun take, sai an nemo shi, shi kuma yana Legas. Gara ka gyara zanen da hannu sau ɗaya a littafin Excel, ka ajiye shi a matsayin uwa. Aikin umarni ya zama buɗe kwafinta, zuba sababbin alƙaluma, daidaita iyaka da ma'auni, ajiyewa da sabon suna. Kwalliya ta zauna inda sakatare ma zai iya taɓa ta. Tun 2007 Excel na iya ajiye kamannin zane shi kaɗai a fayil na crtx a ɗora wa wani. Launin kowane rukuni, take, da sunan abin da ake aunawa, su zauna a ɗan tebur cikin rumbu. Harsuna suna mutuwa: Visual FoxPro 9 shi ne na ƙarshe, Microsoft ya sanar a 2007 cewa babu na goma, ya janye tallafi gaba ɗaya a 2015. Wanda hukuncinsa ke tebur zai kwashe shi ya koma Python, inda XlsxWriter ko openpyxl ke rubuta fayil na Excel da zanensa ba tare da an tashi Excel ba. Wannan hanyar ce ma ta dace in so ake aikin ya gudana da dare a kan uwar garke babu mai tsaro, domin Microsoft da kansa ya ce ba ya goyon bayan sarrafa Office ta haka: akwatin tambaya ɗaya ya fito, babu mai danna shi, komai ya tsaya har safe.

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka gwaji ba na 30 ga wata ba ne. Ka kwafi rumbun, ka lalata kwafin da gangan. Ka goge rahoton gari ɗaya gaba ɗaya ka ga me zane zai yi. Ka ƙara layuka biyar. Ka sa lambar da ta ninka saura sau goma, irin wadda ke fitowa in yatsan mai shigar da bayanai ya zame. Ka sa suna mai tsawo kamar Dawakin Kudu kusa da gajere kamar Dala ka ga ko za su hau juna. Ka gudanar da shi sau biyu a jere, sannan a kwamfutar wani. A ƙasan kowane zane kuma umarnin ya rubuta da ƙaramin rubutu ranar da aka ciro alƙaluman, da layuka nawa aka ciro, da wurare nawa ne ba su aiko rahoto ba. Duk wata, kafin rahoto ya fita, wani mutum ya buɗe zane uku ko huɗu da ka, ya gwada lambobinsu da abin da ke cikin rumbu, ya sa hannu.